Gautan Nasara a Bakin Tafkin Kalmalo

Illela, 2 ga Rajab, 1347

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Takarda ta fito daga hannun ɗanka Maharazu zuwa ga kawuna Malam Attahiru mai lambu, a Ƙonni. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina gaida ɗiyarka, taubashiyata Raliya. Matata Tasalla tana gaishe ku, ta yi nauyi, muna sa ran haihuwa bayan salla.

Bayan haka, Kawu, ka gafarce ni da na yi shekara biyu ban rubuto ba. Tun ranar da anka zo ɗibar mutane aikin hanya, sunana na ciki, na tsallako iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, nake tsoron takarda ta faɗa hannun da bai dace ba ta jawo maka magana. Yanzu na sami Asta, Bafillatana mai nono, wadda ke cin kasuwar Illela ran Lahadi ta ci taku ran Laraba. Ta ce ba wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin faifanta.

Sarkin Noman Kalmalo ya ara mini fili a bakin tafki. Irin tumatir ɗin nan da ka ƙulle mini a tsumma daga lambun barikin da kake aiki, shi na shuka. Nan ba su san shi ba, gautan Nasara suke ce mishi. Bara na yi kaɗan don iri, bana na dasa fangali goma sha biyu, ya yi kore shar har ya fara fure.

Sai ga tabo ya fito a ganye. Daga ganyen ƙasa ya fara, launin ƙasa-ƙasa, zobe cikin zobe, gefensa rawaya. Kwana kaɗan ganyen ya bushe, tabon ya hau na sama. Ga ganye uku nan na naɗe cikin takarda.

Wanda ya fi damuna shi ne maƙwabcina a lambu, Lawwali, manomin albasa tun kakanni. Ganyen albasarsa ya yi fari-fari yana bushewa daga baki, haka na mutum huɗu da ke kusa da shi. Ya kai ƙarata gun Sarkin Noma, ya ce: "Shekara talatin ina albasa ban ga hakanga ba. Mi ya kawo muna wanga ciwo in ba shukar baƙo ba?" Sarkin Noma mutum ne mai kirki, amma ba zai ɓata da mutanensa don ni ba. Ya ce in watan Sha'aban ya tsaya ba a ga sauƙi ba, in tuge shukata in mayar da fili.

Kawu, in an karɓe filin ban san inda zan nufa da mace mai ciki ba. Ka duba mini ganyen nan don Allah.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Haza wassalamu.

*

Ƙonni, 6 ga Rajab

Daga Attahiru zuwa ga ɗan 'yar'uwata Maharazu, aminci da albarka.

Amma ba'adu, takardarka ta iso, mun gode wa Allah da kuke raye. Na duba ganyen, na juya bayansa, na shinshina. Na san ciwon. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne.

Ba ka faɗa mini yadda kake ban ruwa ba, amma akwai busasshiyar laka a bayan ganyen. Kana watsa ruwa da ƙwarya daga sama, kuma da marece kake yi don ka huta da rana. Ruwan na dukan ƙasa yana fantsamo laka kan ganye, ganye ya kwana a jiƙe. Ciwon a ƙasa yake zaune, ta nan yake hawa. Na hana ka wannan tun kana riƙe mini igiyar jigo, amma kunnenka na wajen kasuwa.

Tsinke duk ganyen da ke da tabo, da wanda ke taɓa ƙasa ko lafiyarsa lau, har tsayin taƙi guda. Kada ka watsar a gefen fangali, kada ka zuba a tafki, tara shi ka ƙone. Shukar da tabon ya kama karanta, tuge ta, kada ka ji tausayi. In ka taɓa marar lafiya ka wanke hannu kafin ka taɓa mai lafiya, kuma kada ka shiga tsakaninsu sai raɓa ta bushe. Kafa wa kowace shuka kara ka ɗaure ta ta miƙe, iska ta ratsa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi. Ruwa da safe, ya bi hanyarsa a ƙasa zuwa saiwa.

Ganyen da ya yi tabo ba ya warkewa. Sabon toho za ka sa wa ido. In ya fito da tsabta, ka ci.

Zancen albasa, ban yarda ciwo ɗaya ba ne, amma ba na yanke hukunci kan abin da ban gani ba. Aiko mini da albasa guda, da wuyanta, a naɗe tam cikin tsumma.

Mu muna lafiya. Ka yi daidai da ka tafi, kada ka sake ba ni haƙuri a kan haka. Ka gaida Tasalla, ta rage ɗaukar tulu. Wassalam.

*

Illela, 16 ga Rajab

Zuwa ga Kawu, gaisuwa da fatan alheri.

Na yi duk abin da ka ce. Kwana biyu ina tsinkar ganye, na tuge shuka goma sha tara, na ƙone. Da na gama, lambun ya koma kamar kajin da anka fige. Lawwali ya tsaya a kan iyakarmu yana kallo, ya ce: "Ashe kai da kanka ka fara tugewa, ka hutar da mu." Na ce mishi sannu da aiki, ban ƙara ba. Gaskiya zuciyata ta karye ranar, har na ce wa Tasalla ko Kawu ya manta aikin ne. Ta ce in yi wa bakina linzami.

Yau kwana tara. Sabon toho ya fito a fangali tara, ba tabo ko ɗaya. Uku na kusa da ruwa har yanzu ina tsinka.

Amma wata ta taso. 'Ya'yan da sunka fara ƙulluwa, na sami wasu da 'yar huda kusa da hanci, na fasa ɗaya na ga tsutsa kore a ciki. Wasu kuma gindinsu ya yi baƙi ya lotsa, ba huda. Ban sani ba ko tabon ne ya koma cikin 'ya'ya. Ga biyu nan.

Albasa kuwa, na roƙi Lawwali guda, ya ce in na taɓa mishi shuka sai mun je gaban alƙali. Sai Asta ta ce in bar mata. Ta je ta ce tana son ɗanyar albasa mai ganye don maganin mura, ya tuge mata biyu kyauta. Ta dawo tana dariya, ta ce mutumin kirki ne, tsoro ne ya sa shi faɗa. Na lura gaskiyarta, don albasar nan ita ce abincin gidansa na shekara.

Kawu, wani abu. Rubutun takardarka ba hannunka ba ne. Na san hannunka, da shi na koyi baƙi. Maganar taka ce, har ina jin muryarka, amma wa ya riƙe alƙalamin? Ko ba ka jin daɗi ne?

Saura kwana goma sha huɗu wata ya tsaya. Allah ya bar mu da kai.

*

Ƙonni, 20 ga Rajab

Daga Attahiru zuwa ga Maharazu, aminci.

Raliya ke rubutawa. Tsufa ne, kada ka sa shi a ranka.

Mai baƙin gindi ba ciwo ba ne, ƙishirwa ce. Ka tsorata da maganata ka rage ruwa, sa'an nan ka ga ƙasa ta bushe ka cika shi. Tumatir ba ya son yau yunwa gobe biki. Daidaita ruwan, ka cire waɗanda sunka lalace, na baya za su fito lafiya.

Tsutsa kuwa, maganinta ido da hannu. Bi shukar da hantsi kana ɗaga ganye, ka tsince ta ka kai wa kaji. Ɗan da ta huda, tsinke shi ka binne da zurfi. Barbaɗa toka mai laushi a kan toho. Ba za ka gama da ita ba, amma za ka fi ta ci.

Yanzu albasa. Na buɗe wuyanta a kan farin ƙyalle na kaɗa, ga su nan sun zubo, ƙwari ƙanana, ba su kai ƙwarƙwata ba, rawaya-rawaya, suna gudu. Su ke kankare ganyen suna tsotse ruwansa, shi ya sa ya yi fari. Suna yawa a shekarar da sanyi ya yi ƙaranci. Ba ruwansu da tabon tumatirinka. Maganinsu ganyen taba: a jiƙa shi ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulun salo a ciki, a yayyafa da tsintsiya har ya shiga wuyan albasar, bayan kowane kwana huɗu. Amma kai kada ka kai ruwan taba kan tumatir, kada ma ka taɓa shi da hannun da ya murza taba. Na ga yana sa ganyensa ya murɗe, ban san dalili ba.

Ka saurare ni a nan, don ya fi duk na sama. Kada ka kai farin ƙyallen gaban Sarkin Noma. In ka ƙaryata Lawwali a gaban mutane, ka ci shari'a, amma ka sami maƙiyi a kan iyakarka har ƙarshen zamanka, kai kuwa baƙo ne. Je ka same shi shi kaɗai. Ka bar shi ya gani da idonsa, ka bar shi ya faɗa da bakinsa.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

*

Illela, 4 ga Sha'aban

Zuwa ga Kawu, gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi.

Albishirinka. Filin yana hannuna.

Na jira ranar da sauran masu lambu sunka tafi jana'iza ƙauyen Amarawa, na sami Lawwali shi kaɗai gindin jigonsa. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Na ce: "Baba Lawwali, ni yaro ne a wanga aiki. Akwai abin da nake son ka duba mini, idonka ya fi nawa sanin albasa." Ya ce: "Mi ne ne?" Na shimfiɗa farin rawanina a ƙasa, na ce ya tugo guda da hannunsa ya kaɗa. Ya tugo ya kaɗa. Da ya ga abubuwan nan suna gudu kan ƙyalle, ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya tashi ya tafi can ƙarshen lambunsa, nesa da nawa, ya tugo wata ya kaɗa. Sun fi yawa a can.

Ya ce: "Kaɗa mini ganyen gautanka." Na tsinko na kaɗa, ba abin da ya faɗo sai toka.

Ya zauna a ƙasa ya ce: "Wa ya nuna maka?" Na ce kawuna ne, yana ƙetare. Na faɗa mishi zancen taba da sabulu. Washegari na ji warin taba a lambunsa tun daga hanya.

Ranar da wata ya tsaya, Sarkin Noma ya tara mu. Kafin a ce da ni komi Lawwali ya miƙe ya ce ya gano abin da ke cin albasa, ƙwari ne, ya fito da ƙyalle ya nuna musu. Ya ce shukar baƙo ba ta da laifi, shi ya yi gaggawa. Bai ambace ni a zancen ƙwarin ba, ni ma na bar shi a haka. Da anka watse ya kama hannuna ya ce: "In gautan ya nuna, a kai wa iyalina su ɗanɗana. In ba ya kisa, baɗi ka ba ni iri."

Albasarsa ba za ta yi kai kamar kullum ba, amma rabi zai tsira. Tumatir ya fara ja. Tasalla ta sa uku a miyar kuka jiya, maƙwabta sun aiko tambayar mi ta sa. Ga guda shida nan cikin ƙwaryar Asta, na zaɓi waɗanda ba su gama nuna ba don hanya. Ka gwada su da na barikinku ka faɗa mini gaskiya.

Allah ya saka maka da Aljanna.

*

Ƙonni, 8 ga Sha'aban

Daga Raliya zuwa ga taubashina Maharazu.

Ina gaishe ka, ina gaida Tasalla, Allah ya raba lafiya. Wannan takarda tawa ce, Baba bai san da ita ba. Da a ce lokacin wasa ne da na ce tumatirinka ƙanana ne kamar mai su, amma ba wasa ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ka ce ya gwada da na bariki. Yaya Maharazu, Baba ya bar lambun bariki shekara ɗaya da rabi ke nan.

Da ka tafi, an zo gida an ce lallai sai gidanmu ya ba da mutum guda a madadinka, ko a tafi da mijin ƙanwarka mai 'ya'ya ƙanana huɗu. Baba ya sa takalminsa ya ce shi ne mutumin. Wata biyar ya yi yana fasa dutse a hanyar arewa. Dutse ya faɗo mishi a hannun dama, yatsu uku sun murƙushe, hannun ya shanye. Da ya dawo ya koma bariki, anka ce mai lambun da ba ya riƙe fartanya ba shi da amfani, an riga an sa wani. Shekara ashirin da biyu ya yi a lambun nan.

Ba mu rasa abinci ba, ina kaɗi ina saida zare. Abin da ya rasa daban ne. Yakan zauna a zaure tun safe har azahar. Ranar da Asta ta kawo ganyenka, ya sa na riƙe mishi su a hasken rana, ya yi ta juya su da hagu yana faɗa kamar kana gabansa. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Duk Laraba tun da hantsi yake tambayata ko Bafillatanar ta iso. Tumatirinka shida, ya hana a taɓa, ya jera su a kan faifai. Ya ce ka yi ƙoƙari, amma ka bar rassa sun yi yawa.

Ya rantsar da ni kada in faɗa maka, na yi alkawari, yanzu na karya, Allah ya yafe mini. Na ga lambunka ya warke, na san takardu za su ragu, ina tsoron ya koma zaman zaure. Ban ce ka dawo ba. In ka dawo za a kama ka, hannunsa ya tafi a banza. Ni dai na gaji da riƙe maganar ni kaɗai.

Ka huta lafiya.

*

Illela, 12 ga Sha'aban

Zuwa ga Kawu Attahiru.

Gaisuwa, da neman gafara. Na san komi. Kada ka yi wa Raliya faɗa, ni ne ya kamata in tambaya tun shekara biyu, tsoro ya hana ni, na kira shi hankali.

Da na karanta takardarta na ɗaura takalmi na kama hanyar iyaka. Na kai har inda ake hango itatuwan ƙetare. Lawwali ne ya biyo ni a kan jaki, Tasalla ta aike shi. Ya ce: "In ka je, mi za ka mayar mishi? Hannu?" Na zauna bakin hanya na yi kuka kamar yaro, shi kuma ya tsaya yana riƙe da jakinsa har na gama. Munka dawo tare.

Ban san yadda ake biyan abin da ka yi ba, kuma na san ba za ka yarda a yi zancen ba. To ga wani zance. Lawwali ya faɗa wa Sarkin Noma gaskiya, cewa ba shi ya gano ƙwarin ba, wani dattijo ne a ƙetare wanda bai taɓa ganin lambun ba. Yanzu mutum bakwai na son irin tumatir baɗi. Kullum sai wani ya zo mini da ganye a hannu, na barkono, na taba, na rogo, yana tambayata, ni kuwa ban san komi ba sai abin da ka rubuto. Sarkin Noma ya ce in ka zo, akwai fili a gare ka kusa da nawa, ba aro ba. Hannun da zai yi noma akwai, nawa ne. Ido ne babu.

Gidana ɗaki biyu ne, na fara yaɓa na uku. Mutane na tsallakowa ran kasuwa da kayansu, ba mai tambayar tsoho da ɗiyarsa. Tasalla ta ce in namiji ta haifa sunanka za a sa, tana son kai ka yi mishi huɗuba.

Kawu, ban taɓa roƙonka abin da ya kai wannan ba. Ka zo.

Ɗanka Maharazu.

*

Ƙonni, 22 ga Sha'aban

Daga Attahiru zuwa ga Maharazu, aminci.

Takardarka ta iso. Abin da na yi, don uwarka na yi, ita ta goye ni sa'ad da tamu ta rasu. Ba ruwanka a ciki, maganar ta ƙare nan.

Ni mutumin Ƙonni ne, nan anka binne cibiyata. Ban ce zan tashi ba. Amma ban amince da yadda kake rage rassa ba, kuma ba a koya wannan a takarda. Zan zo Lahadi mai zuwa tare da 'yan kasuwa in ga lambun, in kwana uku in komo kafin azumi ya yi nisa. Kada ka tara mutane. Wassalam.

Yaya Maharazu, Raliya ce, na ƙara wannan bayan ya fita masallaci. Kwana uku ya ce. Amma jiya ya ba liman tunkiyarsa, ya je ya daɗe a kabarin Innata, kuma ya sa na naɗe likkafaninsa cikin kaya. Ka yi wa ɗakin daɓe mai kyau, ka zo da jaki biyu bakin kasuwa.